Jikan Ludomir

Shekara tara ina bayan kanta
a shagon kayan wasa da ke Gdansk,
daidai kwanar da taragon lantarki ke juyawa,
tambayata ɗaya ce ga kowa:
"A naɗe a takardar kyauta?"

Ludomir kan zo ranar da aka biya fansho.
Hannunsa duk tabon walda,
shekara talatin yana ɗinke cikin jiragen ruwa.
Ya ɗauko kwalin tubalan roba
mai guda dubu biyu da ɗoriya,
ya aza gabana kamar mai biyan tara,
ya ce, "Na jikana ne,"
alhali ban tambaya ba.
Na naɗe, na ɗaure da jan zare.

Jikan nan shekararsa bakwai tun zuwana.
Ba ya girma, ba ya mura,
bai taɓa manna hanci a gilashinmu ba.

Da ya ba da baya, Bozena mai kula da 'yartsana
sai ta taɓe baki:
"Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki.
Furfura har gira!"
Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba.
Mijinta kuwa kwana yake a bakin kogi
yana dakon kifin da in ya kama zai sake.
Nawa kuka yake wiwi in an ci su ƙwallo.
Su maza ake ce musu.

Akwai kuma Jagoda, 'yar shekara sha shida,
baƙin farce, takalmi kamar na soja.
Sai ta leƙa titi hagu da dama
ko 'yan ajinsu na tafe,
sannan ta faɗo ciki kamar an koro ta.
Kuɗinta duk tsaba ne,
ladan yawo da karnukan maƙwabta.
"Na ƙanena ne," in ji ta.
Na san uwarta. Haihuwarta ɗaya.
Ita ce ta kwashe na 'yar a buhu ta bayar
ranar da ta cika sha uku,
wai ai an girma.

Wata Laraba, ƙanƙara na zuba,
layi ya haɗa su.
A hammatarsa kwalin ƙugiyar loda jirgi.
Ta dubi kwalin, ta dubi ƙasa,
bakinta ya riga ta:
"Wuyanta yana rinjaya gaba.
Sai ka juya baƙin nan na gindi, sannan ta tsaya."
Ta yi tsit. Kunnenta ya yi ja.
"Ƙanena ne ya faɗa."

Tsohon ya gyara hula.
"Zan gaya wa jikana."

Daga nan ya zaro biro,
ya juya rasiɗin da na miƙa masa,
ya zana mata yadda ta gaske ke riƙe nauyinta,
inda ya taɓa rataya da igiya yana walda
iskar teku na kaɗa shi.
Ta ce nan ya yi kuskure, ya ce bai yi ba.
Mutum biyar a bayansu suna tsaki,
ni kuwa na manta da aljihun kuɗi a buɗe.

Da wata ya zagayo ya dawo.
"Bar naɗin nan," ya ce, "asarar takarda ce."
Iyakar abin da ya faɗa ke nan.
Jagoda har yau tana da ƙane.
Bozena har yau tana da baki.

Daren jiya ina shara
na tsinci guda ɗaya a ƙarƙashin kanta,
rawaya, mai ƙulu huɗu a ka.
Ban mayar ba.
Yana aljihun rigar sanyina,
babban yatsana na ƙirga ƙulun
tun daga shago har tasharmu.
Shekarata arba'in da shida.
In kun gan shi a hannuna,
na ɗan yayata ne.