Ƙafafun Tela Nomau

Ƙarfe biyu na dare a Bagalam,
kuran ya ɗauke, fanka ta yi shiru.
Gadon Baba ne kaɗai ke kuka
kamar akuya tana jan turke.

"Barira, tururuwan nan sun dawo."
Na haska tocila kan shimfiɗa.
Ko guda babu,
sai ƙwauri biyu siraru
suna shure-shure a cikin duhu.

Ya ce da ciwo ne, da ya daure.
Abu ne mai yawo cikin ɓargo,
in ya motsa ya lafa,
in ya tsaya ya taso,
kuma bai san hanyar gidanmu ba
sai bayan an sallame isha'i.

Iya Tsahara ta ce iska ce, a yi hayaƙi.
Kawu Rabe ya ce sanyi ne,
ya kawo man zafi na dala ɗari.
Lokotoro ya ɗibi jini, ya duba takarda,
ya ce ƙarfe ya yi kaɗan a jikinsa.
Baba ya yi dariya har da tari:
"Shekara arba'in ina taka ƙarfe a kasuwa,
yau shi ne ya yi mini rowa?"

An ba mu ƙwaya.
An hana shayi bayan la'asar,
an hana goron dare,
wannan ya fi allura yi masa zafi.
Zogalen Jiratawa kullum a kwano,
hanta ran da aljihu ya yarda.
Ruwan ɗumi a bahon da ake wankan jikoki,
ina matsa daga diddige zuwa gwiwa
har yatsuna su yi tsami.

In duk wannan ya ƙi, sai tsakar gida.
Taku sha shida daga famfo zuwa bedi,
sha shida mu dawo,
hannunsa a kafaɗata.
Shi ne fa ya ce da ni tata, tata,
a wannan filin, ina faɗuwa yana ɗagawa.

Wani dare na gaza.
Ƙarfe bakwai yara sittin na jirana a lakwal,
idona kamar an zuba barkono.
Na ce, "Baba, don Allah ka kwanta!"
Ya yi shiru, sannan a hankali:
"Ni tun ɗazu na kwanta, ɗiyata.
Su ne suka ƙi."
Har yau maganar tana maƙale a wuyana.

Washegari na shiga ɗakin shirgi.
Kekensa na nan ƙarƙashin buhunan gyaɗa,
kaza ta yi ƙwai a aljihun zare.
Na goge, na ɗiga mai,
na cire igiyar don kada ya yi ƙara,
na jawo shi bakin gado.

Da tururuwan suka zo
ya sauko da ƙafa, ya laluba mataki.
Ƙafar ta gane wurinta tun kafin shi.
Sama, ƙasa. Sama, ƙasa.
Na ji numfashinsa ya sauka.

Kwana uku ya ce a mayar da igiyar:
"Tela ba ya taka banza."
Ya ɗinke sangen da ɓera ya huda,
ya yi wa Ɗanjuma jakar allo,
ɗinkin a karkace, ido ya tsufa.
Maƙwabta sun daina tambaya.
In sun ji tatata cikin dare
sun san Nomau na lallashin ƙafafunsa.

Bai warke ba, kada in yi ƙarya.
Akwai daren da keken ma ba ya isa,
mu koma famfo da bedi.

Amma jiya, dab da kiran assalatu,
na same shi ya kifa kai a kan keke,
zare a leɓe, yana minshari.
Na durƙusa, na ɗauke ƙafarsa daga mataki
kamar mai ɗaukar ƙwai.
Ba ta motsa ba.