Tambayar da Ban Yi Ba

Leda uku ta jini aka ƙara wa Sakinatu
daren da Bashiru ya faɗo duniya.
Ɗaya daga jijiyata.
Biyu daga yaran garejinmu na Suwame,
da baƙin mai a farcensu suka miƙa hannu.
Na kwana kan benci har assalatu
ina ƙirga 'ya'yana da yatsu:
biyar, babbansu bai cika takwas ba.

Da safe ungozomar, Ba'ashantiya mai furfura,
ta ja ni gefe da Hausarta ta kasuwa:
"Maigida, ko mota ana barin injinta ya huce."
Raina ya ɓaci. Ni za a koya wa inji?
Na ce haihuwa ta Allah ce.
Ta ce ba ta musa ba.

Wata biyar maganar tana cina kamar tsatsa.
Ran wata Laraba, bayan la'asar,
na bi bakin kwata har Abowabo,
shagon Malam Gariba mai turare da casbi.
Ba zan ɓoye ba: na je ne ya ce haramun,
in dawo gida da gaskiyata a aljihu.

Ya gama ɗaure wa wata almiski tukuna.
Sannan ya ce, "Mumuni, magabata sun yi azalu,
an sani, ba a hana su ba.
Ba da tazara daban, cike rijiya daban.
Kada ka rufe ƙofar nan har abada
sai in likita amintacce ya ce rai ne a bakinta.
Kada kuma ka yi don tsoron bakin da zai ci,
kai ma ba kai ke ciyar da kanka ba.
Amma jikin da ya zubar da jinin nan amana ne,
mai goyo kuma yana bin nono shekara biyu."

Na fara lalubar takalmina.
Ya ce, "Ita me ta ce?"

Ruwa ya soma dukan kwanon rufi.
Can titi yaron mota na kiran Kejetiya, Kejetiya.

"Malamai sun ce ba a yi sai da yardarta,
tana da haƙƙi a ɗa, tana da haƙƙi a shimfiɗa.
Ka tako tun daga Asawase ka tambaye ni,
mai amsar tana ɗakinka."

Shekara tara muna tare.
Na san yadda take son shayinta,
na san ƙafar da ke mata ciwo in hadari ya haɗu.
Wannan kam ban taɓa tambaya ba.

Na same ta tana tace gasarar kokon gobe,
Bashiru a baya, Rakiya riƙe da zaninta.
Na yi tambayar a tsaye, da rigata jiƙe.
Ba ta ɗago ba sai da ta matse tsumman.
Ta shiga ɗaki, ta buɗe akwatin keken ɗinki,
ta fito da katin asibiti,
gefensa ya yi laushi don yawan taɓawa.

"Tun arba'in yake nan.
Ban sha ƙwaya ba, ban karɓi allura ba,
ba na son abin da zan ɓoye maka.
Ina son na shida, Mumuni.
Amma ina so in yaye shi da hannuna,
ba a nuna masa hotona ba."

Ran Talata ban buɗe gareji ba.
Na zauna cikin mata a layin asibiti,
ni kaɗai mai gemu, Bashiru na jan shi.
Ungozomar ta leƙo, ta gane ni.
Ba ta ce komai game da inji ba.
Ta dai kawo kujera ta biyu
ta ajiye kusa da ta Sakinatu.