Albasa a Kasuwar Gujungu

Kashe injin, Tasi'u. Kar ka waiwaya.
Wanda ya kalli kujerar baya kafin ya fita
ya gaya wa kasuwa inda zuciyarsa take.

Ka tuna inda na tsayar da kai ɗazu,
babu kowa sai balbelu da saniya mai ɗingishi?
Ka ce, Maigida, ai da sauran tafiya.
To, shi ya sa. Ba a gyaran kaya gaban jama'a.
Yau Lahadi, idanu sun fi buhunan riɗi yawa,
akwai wanda bai zo sayen komai ba,
kallo ne cinikinsa.

Baƙar jakar nan mai suna a goshi
tana gida, rataye a ƙusa.
Bakinta ba ya shiru, kowa sai ta kira.
Kyamara tana cikin kular zoɓon Hajara,
mai tsagaggen murfi da aka ɗaure da roba.
Dogon gilashi na naɗe a tsohon zanen gado.
Ƙafafun ukun nan suna ƙarƙashin tabarma.
A samansu, rabin buhun albasa.
Wa zai fasa taga don albasa?

Yi dariyarka. Ni ma na yi irinta
kafin ranar da na tsaya la'asar a bakin titi.
Raka'a huɗu, ko addu'a ban ja ba,
na tarar da tagar baya a ƙasa
tana ƙyalli kamar an ɓarar da gishiri.
Adashin wata goma sha ɗaya ya tafi.
Wannan na haɗiye shi da ruwa.

Abin da ya tsaya mini a wuya katin ne,
ɗan abin da bai kai farcen babban yatsa ba.
Haladu masunci na ciki, can Baturiya,
ya watsa birgi, hantsi na bayansa,
yana dariya da haƙoransa biyu.
Ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba sai ranar.
Da damina ya rasu.
Ɗansa ya zo har shago, hula a hannu.
Na ce masa gobe.
Har yanzu goben nan nake bi.

Don haka kati ba ya kwana a mota,
ba ya ma wuni.
Ga shi nan a aljihun ciki, tare da goro.

Ɗauke wayar cajin nan, ko ita tsegumi ce.
Bar kujeru tsirara, su ga babu.
Kar ka bi inuwar tsamiyar can bayan rumfuna,
inuwar da ta yi maka daɗi ta yi wa wani.
Ja baya, manna but da katanga,
hancin mota ya kalli kaskon Tabawa.
Ita ba ta tashi daga ƙosanta sai magariba,
kuma ƙuda ma ta san wanda baƙo ne.

*

Mun dawo, rana ta karkata.
Taga huɗu, duk suna nan.
Tabawa ta ce ba wanda ya raɓe ta
sai wani bunsuru da ya shinshina ya wuce.
Na miƙa ɗari biyar, ta ture da matsami.
Ta ce, yaronka ya ce kai mai hoto ne.
Jikata na Legas, ta manta fuskata.

Na kalli Tasi'u, ya kalli takalminsa.
Na buɗe baki zan ce gobe.

Matsar da motar, Tasi'u.
Sauke albasar nan. E, a nan, kowa ya gani.
Inna, gyara kallabi, juyo wajen haske.
Kai kuma bar injin a kunne.