Warin Bagaruwa a Samaru

Tun daga Matamaye cikina ke ƙugi,
ba ƙugin yunwa ba.
Inna ta ƙulle mini dabino a tsohon ɗankwalinta,
har muka tsallake iyaka ban iya kwancewa ba.
A Kongolam na miƙa sefa, aka ba ni naira,
takardu masu fuskokin da ban sani ba.
Na ƙirga sau uku, lissafin ya ƙi zama,
kamar zuciyata.

Bayan la'asar mota ta zubar da ni a Kwangila.
Gabas ta yi baƙi ƙirin,
irin hadarin da a Damagaram sai a yi wata ana roƙonsa,
nan ko ɗaga kai ba wanda ya yi.
Na raɓe ƙarƙashin gada, jaka a ƙirji
kamar an ba ni ajiyar jariri.
Samaru! Sabon Gari! Tudun Wada!
Duk harshena ne ake yi,
amma ba muryar da ta san sunana.

Na tambayi mai shayi hanyar lakwal.
Ya ce, "Lakwal? Unguwar su wa ke nan?"
Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.
Sai ya turo benci da ƙafa:
"Zauna, ɗan Nijar, ruwa ba ya sallama."
Tanimu sunansa.
Yana fifita gawayi ya ce, "Matana ya haihu shekaranjiya."
Na buɗe baki zan gyara masa magana,
na tuna baƙo ko da ido makaho ne,
na kurɓi shayina.

Daren farko a Hayin Dogo
ruwa ya kwana yana dukan kwano.
Na kwana ina jera Turanci a baki,
Faransanci na ture shi.
Kafin asuba na ware kuɗin komawa,
na naɗe, na cusa cikin takalmi.
Na ce in rana ta yi, sai tasha.

Rana ta yi.
Na ce bari dai in ga ƙofar makarantar
don kada Baba ya ce ko ƙofa ban gani ba.

Tun kafin in kai, hancina ya riga ni shiga:
bagaruwa, toka, jiƙaƙƙiyar fata,
warin da amare ke toshe wa hanci a unguwarmu,
warin rigar Baba in ya dawo daga majema.
Na tsaya a bakin titi ina shaƙa
kamar mahaukaci sabon kamu.

Malama Asabe ta yi bayani, rabi ya wuce ni.
Ta miƙo fatar akuya, ta bi hannu hannu har ta iso gare ni.
Yatsuna suka yi abin da suka saba tun ina ɗan shekara bakwai:
suka ja, suka murza, suka juya ciki,
suka tsaya inda wuƙar mahauci ta zame.
Na nuna. Ajin ya yi tsit.
Ta faɗi wata kalma da ban gane ba,
amma na gane gyaɗa kai.
Ashe hannu ba ya neman tafinta.

Ranar sunan 'yar Tanimu na kwance ɗankwalin Inna,
dabinonmu ya zagaya tabarmar Zazzagawa.
Kuɗin takalmi kuwa, lema na saya da su,
don garin nan ba ya wasa da damina.

Ba zan ce tsoro ya tafi ba.
Yana nan, ya dai rame,
ya koma bin bayana maimakon tare mini hanya.

Jiya na kira gida.
Na ce, "Inna, matan Tanimu ya gaishe ki."
Ta yi shiru, sannan ta fashe da dariya:
"Hamissu, sati uku kacal,
har Zariya ta cinye maka harshe?"