Mataji

Shekara biyu da wata huɗu
matajin Ilgaz yana aljihuna,
tun safiyar da na tattara gashinsa a kan matashi
na rasa inda zan zuba.

Sankarar jini, in ji likita.
Ni masunci ne, lissafina bai wuce kwandon kifi ba,
amma a asibitin Trabzon
na koyi ƙirga ƙwayoyin jini
kamar mai ƙirga ragowar bashi.

Ya ƙi shayi, wai ƙarfe-ƙarfe yake ji a baki.
Ta taga yakan nuna teku:
Baba, wancan jirginmu ne?
In ce e,
alhali na sayar tun hunturun farko.

Gadon kusa da mu na Berfin ne,
ita ta koya masa kwale-kwalen takarda.
Wata Talata muka tarar an canja zanin gado.
Har yau ba mu yi zancen ba.

Jiya aka ce ya cire takunkumi.
A bakin ruwa ya shaƙi iska, ya yamutsa fuska:
Baba, garin nan ƙarnin kifi yake!
Dariya ta zaunar da ni a kan koma.

Gashin ya dawo, murɗaɗɗe, mai taurin kai,
uwarsa ta rasa kakan da ya gado.
Yau na fito da mataji.
Haƙora biyu suka karye.
Ya ce, a hankali mana, da zafi!

Zafin mataji kawai.
Na juya baya, kamar mai duban hadari.