Tafi-da-gidanka Biyu a Bakin Humber

Mahaifina, Wilfred Stamford, kafinta ne,
shekara arba'in yana ƙera gida mai taya a Hull.
Haƙarƙarin katako yake fara tsayarwa,
ya cusa audugar gilashi a tsakani,
ya yafa masa fallen alminiyam,
sannan ƙusa, ƙusa, ƙusa,
ɗari shida a gefe guda, ya ce ya taɓa ƙirgawa.

Ni kuwa a masana'anta nake.
Ba ma saran komai.
Soso a tsakiya, fatar zaren gilashi ciki da waje,
a shafa gam, inji ya danne su kwana guda,
da safe bango ya fito sumul kamar ƙwai,
mutum biyu sun ishe shi ɗauka.

Ran Lahadi, a kan shayi, muke karawa.
In ce, "Baba, kowace ƙusa ƙofa ce ga ruwa,
ruwan ƙasar nan kuwa ba ya gajiya."
Ya ce, "Glenys, abin da aka ɗaure ana kwancewa.
Naki fa?"

Ƙanƙara ta same mu a Bridlington.
Nasa ya wayi gari kamar mai tabon agana,
nawa ko ƙwarzane babu.
Na yi dariya har na ƙware.

Bayan wata biyu, ina ja da baya a ƙofar wata gona,
ginshiƙin dutse ya tsaga mini gefe.
Aka ce ba faci, sai sabon bango ɗungurungum,
albashin wata uku.
A makon shi ma ya gano ruɓa a ƙarƙashin taga,
ya yanke kamu ɗaya, ya dasa sabo
kafin shayinsa ya huce.
Bai ce uffan ba.
Da ma ya yi magana.

Bara ya rasu.
Danshi ya ci kusurwar baya ta tsohon gidansa,
na ɗauko gudumarsa, na ɓamɓare alminiyam.
A jikin katako, da fensir, ga hannunsa:
awo, farashin ƙusa, ranar Talata,
can ƙasa kuma, a karkace,
"Yau Glenys ta yi taku huɗu."

Litinin na koma aiki.
Bango ya fito daga inji, fari fat, mara nauyi,
ruwa ba zai taɓa samun hanya ba.
Kafin a haɗa shi na zaro fensir daga aljihu,
na gwada sunan ɗana a gefen ciki.
Ya zame.
Na sake dannawa.
Bakin fensirin ya karye.