Takardar Albashin Telmo

A Matosinhos, inda sardin ke sauka kafin asuba,
shekara ashirin da uku ina yanke kai, ina zare ƙaya,
har gishiri ya cinye zanen yatsuna.
Na'urar ƙofa ma ta daina gane ni.

Telmo ya zo bara, tafinsa kamar na jariri.
Ni na koya masa kwantar da kifi huɗu a gwangwani,
wannan wutsiya gabas, wancan yamma,
kada fata ta yage.

Ran Juma'a akawu ya musanya mana ambulan.
Na buɗe a tashar bas, ana yayyafi.
Sunansa. Aikina.
Yuro ɗari da tamanin bisa nawa.

Manaja Baltazar ya gyara tabarau, ya dubi taga.
"Graciete, shi ya tambaya. Ke ba ki taɓa tambaya ba."
Can ya ƙara: "Ga shi zai yi aure."

Ni da na binne miji,
na raini uku da wuƙar nan.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Na dafa.
Romon, a kwanon wani aka zuba.

Ban ƙi yaron ba. Da na miƙa masa takardarsa
kunnuwansa suka yi ja, ya kasa haɗa ido da ni.

Litinin, lokacin shan kofi,
na kafa tawa a bangon ɗakin cin abinci.
Odete ta daɗe tana karantawa,
leɓenta na motsi,
sannan ta zuge jakarta.

Telmo ne ya riƙe mana salatif.